Babi na Bakwai: Zumunci, Sallama da Wayar Hannu a Rayuwar Bahaushe

7.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin sadarwa na gargajiya, irin su manzo da shela da kiɗan tambari da rabon goro. A wannan babi kuwa za a dubi wani al'amari da ya taso bayan shigowar wayar hannu, wato nauyin da jama'a suke ɗora wa mutum na cewa lallai a same shi a duk lokacin da aka neme shi, dare ko rana. Bahaushe ya daɗe da sanin wajibcin zumunci. Sai dai al'adar da ta ɗora masa wannan wajibci ita ce kuma ta kafa masa shingayen da suke kare lokacinsa da sirrin gidansa. Da waya ta shigo sai ta ƙarfafa wajibcin, shingayen kuwa ta tsallake su. Ɗalibin da yake shirin zama malami yana da buƙatar fahimtar wannan sauyi, domin shi ne zai koyar da darasin gaishe-gaishe da ladubban zaman tare, kuma shi kansa nauyin bai bar shi ba.

7.1 Yadda Ake Samun Mutum a Da

Duk mai son ya gane matsayin keɓewa a wurin Bahaushe, to ya fara da duban fasalin gidansa. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Bayan zaure akwai ƙofar gida, sannan shigifa, kafin a kai tsakar gida inda ɗakunan mata da turakar maigida suke. Kowace ƙofa daga cikin waɗannan tana rage yawan masu izinin wucewa. A garuruwa da dama har rubutawa ake yi a jikin bango da gawayi ko fenti cewa "Ba shiga", kuma ba a taɓa ɗaukar wannan rubutu a matsayin rowa ko wulaƙanci ba.

Idan baƙo ya iso sai ya yi sallama. In ba a amsa ba, ya nemi yaro ya aika shi ciki. Yaron zai shiga ya ce, "Wai ana sallama da maigida." Za a tambaye shi, "In ji wa?" Daga nan maigida yana da zaɓi. Yana iya fitowa nan take, yana iya cewa a shimfiɗa wa baƙon tabarma yana zuwa, yana kuma iya aikowa da cewa yana cin abinci ko yana hutawa, a dawo bayan la'asar. Abin lura a nan shi ne, tsakanin mai nema da wanda ake nema akwai mutum na uku da kuma 'yar tazara, kuma a cikin wannan tazara ce maigida yake kimtsawa, ya sa riga, ya shirya abin da zai faɗa. Baƙon da aka ce wa ya dawo an jima bai cika tafiya da fushi ba, don ya san gobe shi ma haka zai yi wa wani.

Addinin Musulunci ya ƙara wa wannan tsari ƙarfi. Aya ta 27 da ta 28 a Suratun Nur sun hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, sun kuma umarci wanda aka ce wa ya koma da ya koma. Aya ta 58 ta ware lokuta uku da ko yaran gida da masu hidima sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi don hutawa, da kuma bayan sallar isha'i. Haka nan hadisin Abu Musal Ash'ari ya iyakance neman izini ga sau uku, in ba a amsa ba mutum ya juya. Wannan ne ya sa buga ƙofa da tsakar dare yake tayar da hankalin Bahaushe, domin ya san ba a yin sa sai da babban dalili, kamar rasuwa ko naƙuda ko gobara.

Ban da keɓewa ta sa'o'i, akwai ta kwanaki da watanni wadda al'umma ta yarda da ita. Mai i'itikafi yakan shiga masallaci a goman ƙarshe na azumi, mai halwa yakan kulle kansa don zikiri, mai jego tana da kwana arba'in, mai takaba kuma wata huɗu da kwana goma. Ba mai zargin ɗayansu da yanke zumunci. Sai kuma uzurin da ya fi kowanne girma, wato nisa. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya. Masu zuwa aikin hajji a ƙasa ta Chadi da Sudan sukan share shekaru, wasu ma can suka zauna, zuriyarsu tana Sudan har yau. Ɗan ci-rani yakan bar gida bayan kaka, sai damina ta kusa ya dawo. Labarin irin waɗannan mutane sai daga bakin matafiya, ko a wasiƙar ajami da wani ya riƙo. Da Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, ya auna darajarta ne da wahalar da aka sha wajen sada ta. Tun da kuwa ƙafa tana gajiya, ba wanda ya sa ran a taka masa kullum.

7.2 Shigowar Waya

Kalmar "waya" ta riga wayar hannu daɗewa a bakin Hausawa. Tun zamanin Turawa aka aro ta daga Ingilishi da ma'anar zaren ƙarfe, kuma da yake ta cikinsa ake aika saƙon gaggawa, sai aka kira ofishin aika wasiƙu gidan waya. Wayar tarho ta girke ba ta taɓa zama kayan talaka ba. Kafin shekarar 2001 layukan da kamfanin NITEL yake da su ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Mai son gaida 'yan'uwa na nesa sai ya ba direban mota wasiƙa, ko ya aika da kati gidan Rediyon Kaduna a karanta a shirin Zaɓi Sonka.

A watan Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kuma a watan Agusta na shekarar kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Da farko layi ɗaya yakan kai naira dubu 20 ko fiye, ana kuma cajin kira da minti. Shigowar Glo a 2003 da tsarin caji da daƙiƙa ta karya farashi. Zuwa 2024 layukan da suke aiki a Nijeriya sun haura miliyan 150. Sunan da Hausawa suka fara laƙaba wa wannan na'ura, wato tafi-da-gidanka, ya dace da ita fiye da yadda masu raɗa shi suka zata: mutum ya tafi da gidansa a aljihu, amma ya baro zauren a baya.

Daga baya intanet ta hau kan wayar. An kafa Facebook a 2004, WhatsApp kuma a 2009. A watan Nuwamba na 2014 WhatsApp ya ƙara wasu 'yan alamomi biyu shuɗaye masu nuna cewa an buɗe saƙo an karanta, bayan tun da farko yana nuna lokacin da mutum ya leƙa na ƙarshe. Daga nan mai aika saƙo ya samu abin da mai sallama a zaure bai taɓa samu ba, wato shaidar cewa maigida yana ciki, ya ji, ya yi shiru.

7.3 Abin da Harshe Ya Nuna

Sauyin al'ada yakan bar sawu a harshe, don haka a nan ne ya kamata ɗalibin Hausa ya fi zura ido.

Masanin al'adu Bronislaw Malinowski ya yi bayani a 1923 cewa akwai maganar da ba don isar da labari ake yin ta ba, sai don a tabbatar da cewa igiyar da ke tsakanin mutum biyu ba ta tsinke ba. Gaisuwar Hausa babban misali ce. Mai tambayar "Ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali?" ya riga ya san amsar da za a ba shi, domin ko marar lafiya "lafiya lau" yake cewa. Amfanin gaisuwar shi ne yin ta. Wannan ne ya sa waya ta samu karɓuwa da sauri a ƙasar Hausa, don ta sauƙaƙa abin da Bahaushe ya fi ba muhimmanci. Shi ne kuma ya sa rashin kira ya yi nauyi. Wanda bai zo gaisuwa ba a da, ana iya cewa hanya ce ta hana shi. Wanda bai kira ba a yau, me za a ce ya hana shi?

A dubi kalaman ƙorafi. Na da su ne irin su "Kwana biyu", "Ka ɓuya", "Ka yi wuyar gani". Duk cikinsu akwai wasa, kuma amsarsu a shirye take: "Wallahi abubuwa ne suka yi yawa." Na yanzu kuwa su ne "Ina ta kira ba ka ɗauka", "Ko filashin babu", "Na ga ka karanta ba ka ba da amsa ba", "An zama manya". Waɗannan tuhuma ce mai hujja a hannu, har da lokaci da adadin kira. Ga misalin irin zancen da ake ji tsakanin ɗalibin kwaleji da ƙanin mahaifiyarsa:

Ɗalibi: Salamu alaikum. Kawu, barka da yamma.
Kawu: Wa alaikumus salam. Kai ɗan nan, sau huɗu ina kiran ka tun hantsi.
Ɗalibi: A gafarce ni, Kawu, muna cikin aji ne.
Kawu: Ajin ne har la'asar? To, madalla. Mu da ba mu yi boko ba ai sai haƙuri.
Ɗalibi: Wallahi ba haka ba ne, Kawu. Cajin ne kuma ya ƙare.
Kawu: Ba komai. Dama gaisawa ce kawai.

Kawu ba shi da wani saƙo, kamar yadda ya faɗa da bakinsa. Abin da ya ɓata masa rai shi ne matsayinsa da yake ganin an taɓa. A tsarin girma na Hausawa yaro ne yake zuwa gaida babba, saboda haka idan babba ya sauko ya kira, rashin ɗauka ya zama raini biyu. Shi kuma ɗalibin, da ya ga gaskiyarsa ta farko ba ta karɓu ba, sai ya ƙara da maganar caji, wadda mai yiwuwa ba ta faru ba.

Wannan ya kai mu ga kalaman uzuri: "Ba caji", "Ba sabis", "Ba kati", "Data ta ƙare", "Wayar tana hannun yara", "Na bar ta a shagon caji". A ƙasar da wutar lantarki ba ta tsayawa, sau da yawa waɗannan gaskiya ne. Sau da yawa kuma su ne suka maye gurbin yaron da ake aikowa zaure. Bambancin shi ne, "yana hutawa" uzuri ne da al'ada ta amince da shi a fili, mutum ba ya jin kunyar faɗar sa. A waya kuwa har yanzu ba a saba jin wani ya ce "Na ga kiranka, ina hutawa ne" ba, musamman ga na gaba da shi. Sai ya laƙa wa na'ura laifi. A cikin halayen mutumin kirki da A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa a 1974 akwai gaskiya, akwai kunya, akwai ladabi. Matsin waya yakan sa mutum ya sayar da ta farko don ya tsira da sauran biyun, kuma yara suna kallo lokacin da uba yake cewa "Ina hanya" alhali yana kishingiɗe a tabarma.

Akwai kuma tambayar "Kana ina?" wadda ta zama mabuɗin zance a waya, wani lokaci tun kafin gaisuwa. A da ba a yi wa babba wannan tambaya, mace ba ta cika yi wa miji ita kai tsaye ba, kuma ko tsakanin tsara tana da ɗan nauyi. Yanzu ta zama ruwan dare, har mutum yakan ba da bayanin inda yake sau goma a wuni ba tare da ya lura cewa bayani yake bayarwa ba.

Filashin ma yana da nasa ƙa'idoji. Wani mai bincike, Jonathan Donner, ya wallafa nazari a 2007 kan wannan ɗabi'a a ƙasashen Afirka, inda ya nuna cewa wanda ya fi hali shi ake sa ran ya biya kuɗin kiran. Haka abin yake a ƙasar Hausa. Ma'aikacin da yake birni, in ya ga filashin daga ƙauye, ya san umarni ne cewa ya kira, kuma sau da yawa buƙata ce take biye da gaisuwar. Ga mai ƙaramin albashi, kasancewa a kan layi kullum yana nufin kasancewar aljihunsa a buɗe kullum.

Wani abin sha'awa shi ne sunan da Hausawa suka ba rukunin masu hira a WhatsApp: sukan ce zaure. Akwai zauren dangi, da na 'yan aji ɗaya, da na unguwa, da na ma'aikata. Sunan ya dace ta fuskar taruwa da hira. Amma zauren gini ana tashi daga cikinsa bayan isha'i, maigida ya rufe ƙofa ya sa sakata. Wannan kuwa ba a tashi, kuma a da wanda ya fita da kansa kowa yakan gani, a yi ta tambayar abin da aka yi masa. Idan aka sanar da rasuwa ko haihuwa a ciki, akan lura da wanda ya yi ta'aziyya ko barka da wanda bai yi ba.

7.4 Me Ya Hana a Kashe Ta?

Mai karatu yana iya cewa maganin ai mai sauƙi ne, a kashe waya a huta. Lamarin ya wuce haka. Hukumomi da kansu sun ɗaura muhimman al'amura a jikin lambar waya. Lambar BVN ta banki da aka fara a 2014 tana haɗe da ita. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kuma tun 2021 ɗalibi ba ya rajistar jarrabawar JAMB sai da wannan lamba da layin waya. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa har masu sayar da kayan miya karɓar kuɗi ta waya.

Sai kuma matsalar tsaro, wadda ta sauya ma'anar shiru. Uwar da ɗanta ya kama hanyar Birnin Gwari ko ta Gusau, in ta kira ta ji wayarsa a kashe, ba raini take tunani ba. Wanda ya kashe waya don ya huta, ba tare da ya sanar da kowa ba, yana iya hana mutum goma barci.

Abin da ya faru a Zamfara ya isa misali. A farkon watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar domin yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. An yi makonni ba kira ba saƙo. Masu sana'ar cire kuɗi da na'urar POS sun tsaya cik, mutane suka riƙa shiga mota zuwa garuruwan maƙwabta kamar Funtuwa don su yi kira ɗaya ko su karɓi kuɗin da aka turo musu, wasiƙar hannu kuma ta dawo tasha. Ba wanda ya kira wannan hutu. Ke nan akwai bambanci tsakanin keɓewar da mutum ya zaɓa, wadda jama'a suka san farkonta da ƙarshenta kamar ta mai i'itikafi, da yankewar da aka ɗora masa. Masu yabon rayuwar da babu waya sukan manta cewa mai iya ajiye ta kwana uku ba tare da asara ba, galibi mai hali ne wanda yake da masu amsawa a madadinsa. Ɗan acaba da tela da mai gyaran famfo, kiran da ya wuce su ciniki ne ya wuce.

7.5 Dokar Wasu Ƙasashe

Wasu ƙasashe sun tunkari matsalar ta hanyar doka. A Faransa, daga 1 ga Janairu 2017, an wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu kan lokutan da ba za a neme su da saƙon aiki ba. Fotugal ta yi doka a 2021 da ta hana shugaban aiki tuntuɓar ma'aikaci a lokacin hutunsa sai da larura, Ostireliya kuma ta ba ma'aikaci damar ƙin amsa irin wannan kira daga watan Agusta na 2024. Duk waɗannan dokoki tsakanin ma'aikaci da mai ba shi aiki suka tsaya. Nauyin da yake kan Bahaushe kuwa mafi yawansa daga dangi da surukai da abokai yake fitowa, kuma babu majalisar da za ta yi dokar da za ta hana gwaggo kiran ɗan wanta da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Abin da al'ada ta ɗaure, al'ada ce take iya sassauta shi.

7.6 Malami da Wayarsa

Malamin makaranta yana tsakiyar wannan matsi. Shugaban makaranta yakan tura sanarwar taro a zauren ma'aikata da dare, ya ɗauka kowa ya gani. Iyayen yara sukan karɓi lambarsa, su kira shi ranar hutu kan sakamakon jarrabawa. Dangi kuma ba su san jadawalin darasi ba. Darasi ɗaya minti 35 ne ko 40. Malamin da ya fita amsa kira sau biyu a ciki ya rasa minti biyar ko fiye, kafin kuma ya maido da hankalin yara sittin wani lokacin ya sake tafiya. Masu duba ɗalibai a lokacin gwajin koyarwa suna lura da wannan, yara ma suna lura, kuma abin da suka ga malami yana yi ya fi zama a ransu a kan abin da ya rubuta a allo.

Abin da ya fi dacewa da malami shi ne ya gina wa wayarsa zaure, kuma kayan ginin suna nan cikin al'adar da ya gada. Ya sanar da iyayensa da manyansa sa'o'in da yake aji tun kafin su neme shi su rasa, domin uzurin da aka gabatar ya fi wanda aka kawo daga baya karɓuwa. Ya ware mutum ɗaya, kamar matarsa ko wani abokin aiki, da za a bi ta hannunsa idan abin gaggawa ya taso, wato dai aikin yaron zaure. Ya riga manya kira a lokacin da ya zaɓa, kamar yammacin Juma'a, don wanda ya saba jin muryar ɗansa duk mako bai cika ƙirga kiran da ba a ɗauka ba. In kuma ya kama hanya, ya faɗi lokacin tashi da na isa. Shi ma in ya kira wani sau uku ba a ɗauka ba, ya tuna hukuncin mai sallama, ya dakata.

A aji kuma, darasin gaishe-gaishe da ake koyarwa a firamare da ƙaramar sakandare ya kamata ya haɗa da gaisuwar waya: fara da sallama, faɗin suna, tambayar ko wanda aka kira yana da sarari, sanin lokutan da ba a kira, da barin babba ya riga kashewa. Yaro ya koyi cewa "Ina cikin wani aiki, zan kira an jima" magana ce ta ladabi, kuma ya koyi karɓar ta daga bakin wani ba tare da ya ji an wulaƙanta shi ba.

7.7 Aikin Nazari

1. Ɗalibi ya tattaro kalaman uzuri guda goma da ake amfani da su a waya a yankinsa, ya rarraba su zuwa waɗanda suka ɗora laifi a kan na'ura da waɗanda mai magana ya ɗauki nauyi da kansa. Wane kashi ne ya fi yawa, kuma me ya sa?

2. Ya zanta da dattijo ko dattijuwa da ta haura shekara 70 kan yadda ake samun labarin wanda ya tafi ci-rani ko aikin hajji a ƙuruciyarsu, ya rubuta abin da ya ji a shafi biyu.

3. Ya tsara darasin minti 35 ga 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare a kan gaisuwar waya tsakanin yaro da kakarsa, tare da ɗan wasan kwaikwayon da yara biyu za su gabatar.